Neman asali: ina takardun kakanninmu suke, kuma wa ke iya ganinsu?



Makonnin baya wani ɗan'uwanmu ɗan nan yankin Bader Gula da ke zaune a Abijan ya aiko mana saƙon murya ta WhatsApp. Ɗansa ne ya kai ga jarrabawa, aka nemi takardar shaidar zama ɗan ƙasa, wadda muke cewa nasiyonalite. Da aka je nema sai aka ce a kawo takardar haihuwar uba. Takardar tana nan, amma sunan kakan yaron da ke cikinta ya sha bamban da wanda ke kan katin iyali na gida. A ɗaya an sa sunan yanka, a ɗayar kuma laƙabin da duk gari ya san tsohon da shi. Sai ya ce mana: "Don Allah ku da ke gida, ina anka aje babban littahin da anka rubuta mu ciki? In ta kama in taho, sai in taho."

Mun ɗauka aikin kwana biyu ne. Muka je wani biro, ba sai mun faɗi wanne ba, ma'aikacin ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya buɗe mana wani ɗaki a baya. Littattafan rajista ne jibge tun daga ƙasa har kusan rufi, wasu ɗaure da igiya, wasu bangonsu ya rabu da su. Na ƙasa gara ta yi gini a cikinsu. Na kusa da taga ruwan damina ya taɓa su, tawada ta baje. Shekarar da muke nema ba ta cikin waɗanda ake iya karantawa. Ma'aikacin ya ce shi ma haka ya tarar da su, kuma ba shi da kabad, balle kuɗin sayen maganin gara. Ba mu ga laifinsa ba.

Daga nan ne muka ce bari mu zauna mu yi wa masu sauraro bayani dalla-dalla: in mutum ya tashi neman asalinsa a wannan yanki namu, ina zai dosa, me zai samu, kuma me ke tare masa hanya. Abin da muka lura da shi dai, babu wani mutum guda da ya kulle ƙofa ya tafi da mabuɗi. Takardun ne ke lalacewa a inda suke, waɗanda suka tsira kuma suna nesa da mu, cikin harshen da yawancinmu ba ma karantawa.

Me ya sa maganar ta shafe mu

Wani zai ce neman asali aikin masu hutu ne. A ƙasashen Turawa kam haka ne, mutum ya yi ritaya ya zauna gaban kwamfuta yana haɗa sunayen kakanninsa don nishaɗi. Mu a nan abin ya wuce haka. Rabon gado yana buƙatar a san wa ya haifi wa. Rikicin gona ko na rijiya, da an je gaban sarki ko alƙali tambayar farko ita ce: wa ya fara saran dajin, wa ya gina rijiyar, a wane zamani, da iznin wa? Yaran da aka haifa a Kano, Legas, Agadas, Libiya ko Aljeriya kuma, ranar da suka buƙaci takardun Nijar sai an koma kan na iyayensu.

Akwai kuma wani abu da ya keɓanta da ƙasar Dakoro. Yawancin garuruwan manoma na nan ba tsofaffi ba ne kamar Katsina ko Tibiri. Kakanninmu da dama a ƙarnin da ya wuce suka hauro arewa, wasu daga Gobir, wasu daga Adar, wasu daga wajen Maraɗi da Tasawa, suna neman sabuwar ƙasar noma, wasu kuma suna gudun lanho da aikin tilas na zamanin Nasara, wanda sai a 1946 aka soke shi. Suka tarar da Buzaye da Fulani suna kiwo a wannan daji. Shi ya sa in kun duba sunayen garuruwanmu za ku ji Gidan wane, Zangon wane, Rijiyar wane. Sunan garin kansa rajista ne. Daga baya, a 1961, gwamnati ta yi dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, kuma a ƙasarmu wannan iyaka wajen kwarin Tarka take. Kun ga ke nan tambayar "wa ya riga zuwa" ba hira ce ta dare kawai ba a wurinmu. Tana iya raba gona, tana iya buɗe burtali ko ta rufe shi.

Littafin da ke cikin kai

Ma'ajiya ta farko da muke da ita, tun kafin takarda, ita ce kan tsofaffi. Kowace zuri'a tana da tsohuwa ko tsoho da in ya fara lissafa wane ya haifi wane sai ya kai kaka na biyar ko na shida bai yi tuntuɓe ba. Mata sun fi ƙwarewa a nan, domin su ne suka san aure-aure, da wanda ya sha nono da wa, da ɗan da aka ba wani riƙo. Ga maroƙa da makaɗan sarauta, waɗanda kirarin da suke yi jerin sunaye ne. Ga wanzamai: tsagar da ke fuskar mutum tana faɗin gidansu tun bai buɗe baki ba, kuma duk wanda ya ga tsagar Gobirci ya san ta. Makiyaya kuma suna da shaidar da suke sa wa raƙuma da shanu, kowane gida da tasa.

Tsofaffin namu ba da lambobi suke riƙe shekaru ba, da abin da ya faru suke riƙewa. Su ce an haifi wane shekarar fari, ko bayan yunwa kaza, ko shekarar da ruwa ya ci tsohon garin Maraɗi, wato 1945, ko shekarar El Buhari, wato yunwar 1984 zuwa 1985 lokacin da Najeriya ta rufe iyaka. Wanda ya san waɗannan sunaye yana iya mayar da su lambobi, ya gane shekarun mutum kusan daidai.

To wannan ma'ajiya ita ce ta fi saurin tafiya. Yau an daina tsaga a gidaje da yawa, kuma ba muna cewa a koma yi ba ne, muna dai cewa wani rubutu ne ya shuɗe. Samari suna cin rani wata bakwai ko takwas, in sun dawo kowa da wayarsa a hannu, hirar tsakar gida ta ragu. Ranar da aka yi jana'izar tsohuwa guda, sunaye ɗari na iya bin ta kabari ba wanda ya lura sai ranar rabon gado.

Malamanmu ma suna da tasu ajiya. A gafakar wani malami za ka iske bayan bangon littafi an rubuta da ajami ranar da aka haifi ɗa, ranar da wane ya rasu, wanda ya ba shi karatu da wanda ya ba malaminsa. In malamin ya rasu sai a raba littattafan cikin gado kamar yadda ake raba awaki, wannan ya ɗauki rabi, wancan ya tafi da rabi Najeriya. A Yamai akwai sashen da ke adana irin waɗannan rubuce-rubuce na Larabci da ajami a cibiyar bincike ta IRSH, ƙarƙashin Jami'ar Abdu Mumuni. Marigayi Bubu Hama, wanda ya shugabanci majalisar dokoki har zuwa 1974, shi ya ɗora tubalin tara su, kuma yau sun kai wajen 4,000. A Yamai ɗin dai akwai cibiyar CELHTO, da aka kafa a 1968 don ɗaukar tarihin baka. Amma ku tambayi kanku, cikin mutanen ƙauyenku mutum nawa ne suka taɓa jin sunan waɗannan wurare?

Abin da Nasara ya rubuta a kanmu

Nan ne maganar ta fi faɗi. Bafaranshe bai zo don ya rubuta mana tarihi ba, ya zo mulki da karɓar lanho. Amma karɓar lanho sai da ƙidaya. Don haka kwamanda ko wakilinsa yakan fita rangadi gari-gari, da tafinta da ɗan sanda, a tara mutane gindin itace, a rubuta sunan maigida, matansa, ƴaƴansa, da dabbobinsa. In ya koma ya rubuta rahoton rangadi: gari kaza mutum kaza ne, maigarinsu wane, daga wuri kaza suka taso, rijiyarsu gaba kaza ce. Kowane sarki da hakimi yana da takardarsa, inda aka rubuta salsalarsa da yadda aka naɗa shi. Akwai kuma littattafan shari'a, inda aka rubuta ƙarar gona, ta aure da ta gado, da sunayen shaidu. Ga mai neman asali waɗannan takardu zinariya ne.

Sai dai a riƙa karanta su da hankali. Mutane suna ɓoye ƴaƴa da dabbobi ranar ƙidaya don kada lanho ya yi yawa ko a ɗauke yaro soja ko lakwal. Tafinta yana faɗin abin da ya ga dama. Wanda ke kusa da kwamanda shi ake rubuta labarinsa, na abokin hamayyarsa a bar shi. Saboda haka in takardar Nasara ta saɓa da maganar kakarka, ba dole ba ne a ce kakar ce ta yi kuskure.

Ina waɗannan takardu suke yau? A warwatse. An mulki wannan yanki daga Tasawa, daga baya daga Maraɗi, sai a ƙarshen shekarun 1940 aka kafa bariki a Dakoro. Babban birnin ƙasa ma Damagaram ne har 1926 kafin a mayar da shi Yamai. Duk ƙaura guda, takardu na zubewa a hanya. Abin da ya tsira, mafi yawansa yana ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Yamai, wadda ƴan boko ke cewa arshif. Rahotannin da ake aika wa babban gwamnan Afirka ta Yamma ta Faransa suna Dakar, domin can ne hedikwata, kuma da aka samu ƴancin kai an bar su a Senegal. Waɗanda suka tafi ma'aikatar ƙasashen mallaka a Paris kuma suna wani gari a kudancin Faransa mai suna Aix-en-Provence, inda aka buɗe musu ma'ajiya ta musamman a 1966. Takardun waɗanda suka yi sojan Faransa, irin kakannin wasunmu da aka kai yaƙin duniya ko Indocin ko Aljeriya, da yawansu suna garin Pau, can ma Faransa.

Yanzu ku auna. Daga Dakoro zuwa Maraɗi ya haura kilomita 100, daga Maraɗi zuwa Yamai ya haura 600. Kuɗin mota, masauki, abinci, ga barin gona ko kasuwa. In ka isa, sai ka iya Faransanci, kuma ba na gaisuwa ba, na karanta rubutun hannun wani Bature da ya mutu shekara tamanin da suka wuce. Sai kuma ka san yadda ya rubuta sunanku. Umaru ya koma Oumarou, Muhammadu ya koma Mahamadou ko Mamane ko Maman, Gula ta koma Goula, Tasawa ta koma Tessaoua. Mutum guda sai a same shi da suna uku a takarda uku. Ba a hana kowa shiga ba, amma manomin Bader Gula da Bature mai bincike ba su tsaya wuri ɗaya ba a bakin wannan ƙofa.

Na Faransa kuwa tafiyar ta ƙara nisa. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 dangantaka ta yi tsami, kuma a farkon 2024 Faransa ta rufe ofishin jakadancinta a Yamai. Ba siyasa muke yi a nan ba, kowa da ra'ayinsa a kan wannan. Abin da muke faɗi shi ne ɗalibin tarihi ɗan Nijar da ke son zuwa ya duba takardun ƙasarsa, samun biza ya zame masa wani aiki na daban. An sa wani ɓangare na takardun a intanet, gaskiya ne, amma rajistar haihuwa da aure da mutuwa da ke ciki galibi ta Turawan da suka zauna nan ce da ƴan ƙalilan da ke kusa da su. Talaka ba a yi masa irin wannan rajista ba a lokacin.

Wani lokaci kuma ɓoyewar da gangan ce. A ranar 1 ga Disamban 1944 sojojin Faransa suka buɗe wuta kan sojojin Afirka a barikin Tiyaroy kusa da Dakar, mutanen da suka dawo daga yaƙi suna neman haƙƙinsu. Rahoton soja na lokacin ya ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi kuma suna maganar ɗaruruwa. Sai a 2014 shugaba François Hollande ya miƙa wa Senegal kwafin wasu takardu, kuma sai a ƙarshen 2024 shugaba Emmanuel Macron ya kira abin kisan kiyashi da kansa. Shekara tamanin iyalai na tambayar inda aka binne iyayensu. Ingila ma ta yi irin nata: a 2011, da tsofaffin Kenya suka kai ƙara kan azabar da aka yi musu, gwamnatin Ingila ta amsa cewa tana riƙe da dubban takardu a ɓoye waɗanda ta kwashe daga ƙasashe 37 da ta mulka, wasu kuma an ƙone su tun kafin a sauke tuta. Wannan ya shafi danginmu na Najeriya. Su dai ma'ajiyarsu ta Arewa tana Kaduna, ga kuma Gidan Arewa a can, kuma duk wanda kakansa ya ƙetaro daga Katsina, Sakkwato ko Zamfara, wani reshen labarinsa yana can da Ingilishi.

Takardunmu na bayan ƴancin kai

Kada mu ɗora komai kan Nasara. Shekara sittin da wani abu ke nan muna riƙe da kanmu, kuma ɗakin da muka ba ku labari a farko ba Bature ne ya bar shi haka ba.

Dubi katin manyanmu. Da yawa an rubuta musu "vers 1950", wato wajen shekara kaza, wasu kuma duk an haife su 1 ga Janairu. Dalili shi ne ba a rubuta su ranar haihuwa ba, sai da suka girma aka je gaban alƙali da shaidu biyu aka yi musu jijima. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna cikin yara ƴan ƙasa da shekara biyar, wajen kashi 64 cikin ɗari ne aka yi wa rajistar haihuwa a Nijar, kuma karkara ta fi birni baya. Na mutuwa da na aure sun fi haka ƙaranci, domin mu in an ɗaura aure a masallaci an raba goro, magana ta ƙare. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a kai sanarwar haihuwa, kuma sanarwar kyauta ce. In lokacin ya wuce sai ta hanyar alƙali, ko a jira ranar da alƙalai ke fitowa ƙauyuka yin takardu.

Kafin a kafa komin-komin da dokar 2002, a yi zaɓen farko a 2004, babbar cibiyar rajistar wannan yanki tana Dakoro. Saboda haka wanda aka haifa kafin nan, ba lalle a sami littafinsa a Bader Gula ba. Bisa tsari kuma ba kwafi ɗaya ake yi ba: ɗaya na zama a meri, wani na tafiya gidan shari'a. Wannan dabara ce mai kyau, don in ɗaya ya ɓace a sami ɗayan. Amma sai in an aika, kuma sai in can ɗin ma gara ba ta riga mu ba. A Afrilun 2024 an rusa majalisun komin aka naɗa kantomomi. Duk lokacin da aka canja hannu irin haka, ana ƙirga mota da kujeru da kuɗin asusu wajen miƙa aiki. Muna roƙon a riƙa ƙirga littattafan rajista su ma, shekara bayan shekara, a sa hannu.

Wuta da ruwa kuma ba sa tambaya. A Janairun 2012 gobara ta tashi a ma'aikatar shari'a a Yamai ta cinye takardu masu yawa. A Janairun 2015, cikin zanga-zanga, an ƙone cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar a Damagaram har da ɗakin karatunta. Daminar 2024 kowa ya ga abin da ta yi a jihar Maraɗi, kuma a Damagaram ta rushe tsohon masallacin da ya haura shekara 170. In ginin da kowa ke gani ya faɗi, ina ga takarda a cikin akwatin kwali? A Mali kuwa, a Janairun 2013 masu ɗauke da makamai sun ƙone littattafai wajen 4,000 a cibiyar Ahmed Baba ta Tumbuktu. Abin da ya ceci sauran shi ne iyalai da ma'aikata sun riga sun kwashe dubbai a ɓoye cikin akwatuna zuwa Bamako. Mutanen gari ne suka yi wannan, da jakuna da jiragen ruwa.

Game da gonaki, tun dokar karkara ta 1993 aka kafa kwamitocin ƙasa, waɗanda muke kira kofo, daga na ƙauye har na departama. Su ke ba da takardar saye, ta aro, ta jingina, ta kyauta da ta gado. Yau muna ganinsu takardun rikici ne kawai. Nan da shekara hamsin su ne jikokinmu za su buɗe su ga sunayenmu da na maƙwabtan gonarmu. A ƙauyuka da yawa kuwa littafin kofo yana ɗakin sakatare ne, ƙarƙashin katifa ko cikin buhu.

Haƙƙin gani, da iyakarsa

Mutane da yawa ba su san cewa doka ta ba su haƙƙin tambaya ba. A Fabrairun 2011 aka yi dokar da ta ba ɗan ƙasa damar neman bayanai da takardun hukuma. Ba alfarma ake yi maka ba in ka je meri neman kwafin takardar haihuwarka ko ta mahaifinka. Amma dokar ta ware wasu abubuwa, kamar sirrin tsaro da rayuwar mutum ta kansa, kuma tun 2017 akwai dokar kare bayanan mutane. Shi ya sa ba za a miƙa maka littafin gari duka ka yi ta buɗawa ba, kuma takardun ƙidayar jama'a ta 1977, 1988, 2001 da 2012 ba a ba kowa sunayen da ke ciki. Ko'ina haka ake: a Faransa sai rajistar haihuwa ta shekara 75 ake buɗe ta ga kowa, a Amurka sunayen ƙidaya sai bayan shekara 72.

Mu a ganinmu wannan iyaka tana da amfani, kuma za mu faɗi dalili ba kunya. A ƙasarmu asali yana da kaifi. Akwai gidajen da in aka tono za a iske maganar bauta, ko ɗan da aka haifa ba ta hanyar aure ba, ko kakan da ya yi wa Nasara aikin da mutane ba su manta ba. Nijar ta mayar da bauta laifi a dokarta tun 2003, amma har gobe ana fasa aure saboda "an bincika asali". Wanda ke neman takarda don ya san kansa daban, wanda ke nema don ya tozarta maƙwabci ko ya hana shi takarar sarauta daban. Mu a gidan rediyo ba za mu karanta salsalar kowa a iska ba sai da yardar gidansu. Matsalar ita ce wani lokaci ana fakewa da wannan sirri a hana mai haƙƙi abin da yake nasa, ko a ce "littafin ya ɓace" har sai an ga hannu ya shiga aljihu. Nan ne ya kamata mutum ya san doka, ya nemi ganin shugaban wurin, ya rubuta buƙatarsa a takarda ya riƙe kwafi.

Waya ba kabad ba ce

Ƴan'uwa na waje sukan ce mana: ai sai a sa komai a kwamfuta a huta. Muna goyon baya, kuma hukuma ta fara shigar da rajista cikin na'ura a wasu komin. Amma mu shaida ne a kan raunin na'ura. A nan gidan mun taɓa ɗaukar hira da wani dattijo kan yadda aka kafa garuruwan da ke bakin Tarka, hira ta fi awa biyu. Kwamfutar ta mutu da zafin bazara, ba mu da kwafi, dattijon kuma Allah ya yi masa rasuwa kafin mu koma. Wannan laifinmu ne, ba na kowa ba. Tun 1962 ƙungiyar kulob-kulob na rediyo ta fara yawo ƙauyukan Nijar tana ɗaukar muryoyin mutane a faifai, kuma faifai ma yana da ajali in ba a juye shi ba.

Haka hotunan takardu da kuke turo wa juna. Waya ta faɗa rijiya, ko an sace ta a tasha, ko an canja lamba, shi ke nan. Akwai kuma kamfanoni da ƙungiyoyin waje da ke tara sunayen iyalai. FamilySearch, ta wata coci a Amurka, ta ɗauki salsalar baka ta mutane masu ɗimbin yawa a Ghana da Najeriya da wasu ƙasashe. Wasu kamfanonin kuma sai ka biya kuɗi kowane wata kafin ka ga abin da suka tara. Kamfanin 23andMe, da ke gwada yawun mutum ya faɗa masa asalinsa, ya durƙushe a 2025, mutane miliyoyi suka shiga tambayar hannun wa bayanansu za su faɗa. Don haka in wani ya zo garinku da na'ura yana son ɗaukar tarihin gidanku, ku tambaye shi ina za a aje, wa zai gani, kuma ku ce a bar muku kwafi a hannun maigari ko limami kafin ya tafi.

Abin da ke hannunmu ba shi da tsada. Littafin lakwal guda da biro, a zauna da tsohuwar gida a rubuta sunaye, da boko ko da ajami, a haɗa sunan yanka da laƙabi wuri ɗaya, a sa garin da aka taso da sunan shekarar. A ɗauki muryarta a waya, a tura wa mutum uku a gari uku. Tsohon katin iyali, rasit ɗin lanho, katin soja, takardar gona, kada a yar don sun tsufa: a sa su cikin leda, a sa ledar cikin akwatin ƙarfe, a ɗaga shi daga ƙasa. Ku na waje da ke aiko kuɗin gina masallaci da rijiya, Allah ya saka, kabad ɗin ƙarfe guda ga ɗakin rajista ko ga sakataren kofo bai kai kuɗin ragon layya biyu ba.

Shi kuwa ɗan'uwanmu na Abijan, ba a sami littafin ba. Ƙanensa ya ɗauki dattawa biyu da suka san mahaifinsu tun yana yaro, aka je gaban alƙali suka shaida cewa mai sunan yankan da mai laƙabin mutum ɗaya ne, aka gyara takarda. Ɗaya daga cikin dattawan, da ƙyar aka ɗora shi kan babur saboda tsufa. A hanyar dawowa ya lissafa wa ƙanen kakanninsu har bakwai, da sunan rijiyar da suka fara sauka a kai lokacin da suka taso daga Gobir. Yaron ya ce mana wannan karon ya danna wayarsa ya ɗauka.